Darasin Gareji: Gano Ciwon Tsohuwar Motar Gas da Ciro Kaya a Motar Yanka

Assalamu alaikum jama'a, direbobi da 'yan uwana kanikawa, barkanmu da warhaka. Yau muna nan garejinmu a Katsina, ga motar Peugeot J5 mai shan gas an jawo mana ita daga hanyar Jibiya, ta ƙi tashi tun asuba. Mai ita ya ce famfo ne, a kwance shi. Na ce Alhaji, a yi haƙuri tukuna. Famfon injakta shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa, don ya fi komai tsada, kuma sau da yawa ba shi da laifi.

Injin gas ba ya aiki da tartsatsin fulogi kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta. To ka ga ke nan ko dai iska ba ta shiga, ko mai ba ya zuwa, ko matsi ya ragu. Yanzu da muke cikin hunturu, fara da batir da hita, wato 'yan fulogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar. Kai yaro, murɗa makulli, kada ka tayar. Kun ji wannan ƙas ɗin? Solonoyid ne a jikin famfo, shi ke buɗe wa mai hanya. In ba ka ji shi ba, bi wayarsa. Waya ɗaya tana iya kwantar da mota.

Matso da kyamarar nan. Na sassauta wannan notin na kan filta, ina danna famfon hannu. Kun ga kumfa? Iska ce ta shiga layin mai. Dubi robar nan, ta tsage a gindin kilif, rana ta cinye ta. Gas ba ya ɗiga sosai a nan, amma iska tana shiga, cikin dare man ya koma tanki. Shi ya sa da safe take wahala, da rana kuma ta tashi lafiya. A canza roba, a yi ta dannawa har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure.

In ta tashi, koma baya ka kalli salansa. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa: ciro filtar iska, ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri, ko kuma nozul na zubarwa maimakon feshi. Shuɗi, baƙin mai take ƙonawa, rin ko fistin sun ci. Buɗe murfin baƙin mai tana aiki, in yana huci da ƙarfi, matsi na zurarewa ƙasa. Fari da sanyin safiya wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, yawanci hita ce. Amma farin da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa yana kumfa, wannan gaskit ne ko tof silinda, wato kan injin da ke rufe silindodi.

In tana rawa, sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka sassauta sautin inji bai canza ba, silindar nan ce ba ta aiki. Don Allah yara masu koyo, kada ku sa hannu gaban feshin nozul. Ƙarfinsa yana huda fata, mutum na iya rasa yatsa.

Masu tsohuwar Marsandi 200D da 240D, ku ma ga taku: in ka kashe makulli ta ƙi mutuwa, yawanci ba famfo ba ne. Da zuƙar iska ake kashe ta, wata 'yar roba ce ta cire ko ta tsage. Akwai madannin da aka rubuta STOP a jikin injin, danna shi.

To, maganar motar yanka, wato wadda ake saya don a ciro kayanta. Sababbin kayan waɗannan motoci sun yi wuya, J5 tun 1981 aka fara ƙera ta, kuma abin da ake kawowa sabo a kwali ba kowane ne ke da ƙarko ba. Ni na fi son ka sayi motar da ta yi haɗari ta baya ko ta gefe, injinta na aiki har ranar, a kan wadda ciwon inji ya kwantar. Tambayi abin da ya ajiye ta. Sa sifana a fulin ƙasa ka juya, in ya ƙi motsi, wataƙila ruwa ya kwana a ciki.

Kada kamanni su ruɗe ka. J5 da Citroën C25 da Fiat Ducato na wancan zamani jiki ɗaya ne, ƙofa da gilashi suna shiga juna, amma injin gas na Fiat daban yake. Famfo ma akwai Bosch, akwai Lucas. In za ka ciro, ciro shi da nozul ɗinsa da bututansa gaba ɗaya, ka toshe bakunan da leda mai tsabta nan take, don ƙwayar yashi ɗaya tana lalata shi. Tof silinda a kai a gwada ko ya tsage kafin a ɗora. Gaskit, bel, roba da filta kuwa, bar su can, sababbi ake sawa.

Sannan karɓi takardun motar da rasit mai lambar inji da ta shasi, a gaban shaidu, ko a nan ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Kai yaro, ɗaure kilif ɗin, tayar mu ji.