Tsadar tikitin jirgi a Kanada: daga filin jirgi maganar ta faro

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau ina bakin tafkin Ontario a birnin Toronto, kuma ginin da kuke hange a tsallaken ruwa shi ne filin jirgin sama na Billy Bishop, wanda ke zaune a kan tsibiri. Faɗin ruwan mita 121 ne kacal, jirgin fito yana ƙetare shi cikin daƙiƙa 90, amma tun 2015 akwai hanyar ƙafa da aka haƙa ta ƙarƙashinsa, kuma ta nan zan bi da ku. Na zaɓi wannan wuri ne saboda tambayar da 'yan uwanmu da suka zo karatu ko aiki suke yawan yi, wato me ya sa tikitin jirgi tsakanin biranen Kanada yake da tsada haka, kuma me ya sa kamfanonin da ke zuwa da alƙawarin araha ba sa daɗewa. A ganina amsar tana ƙasa, wurin wanda ke riƙe da filin jirgi da wanda ke biyan kuɗinsa.

Kanada ce ta biyu a faɗin ƙasa a duniya, amma mutanenta ba su fi miliyan 41 da 'yan kai ba. Daga Toronto zuwa Vancouver tafiyar kusan awa biyar ce a sama, a jirgin ƙasa kuwa kwana huɗu, saboda haka hawa jirgi a nan dole ce. Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwar. Akwai Air Canada, wanda gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, ya kuma haɗiye babban abokin hamayyarsa Canadian Airlines a shekarar 2000, sai WestJet da ya fara tashi daga Calgary a 1996. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta fitar da rahoto a watan Yunin 2025, inda ta nuna cewa kamfanonin biyu ne ke ɗaukar kashi 56 zuwa 78 cikin ɗari na fasinjojin cikin gida a manyan filayen jirgin ƙasar, ta kuma gano cewa shigowar sabon kamfani ɗaya a kan wata hanya yana sauke kuɗin tikiti da kusan kashi 9 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda manyan biyun suka rage haɗuwa a fage ɗaya. A 2022 WestJet ya sanar da cewa zai mayar da ƙarfinsa yammacin ƙasar, ya janye daga hanyoyi da dama na gabas, ba a jima ba kuma Air Canada ya daina tashi daga Calgary zuwa Regina da Saskatoon. Kowanne ya ce lissafin kasuwancinsa ne ya sa, amma mazaunin ƙaramin birni ya wayi gari da zaɓi ɗaya.

Ƙananan da suka gwada sa'arsu kuwa jerin nasu dogo ne. Canada 3000 ya rushe a 2001, Jetsgo a 2005, Lynx Air da ya fara tashi a 2022 ya rufe a watan Fabrairun 2024, Canada Jetlines ya bi bayansa a watan Agusta na wannan shekarar. WestJet ya sayi Sunwing a 2023, ya kuma narkar da reshensa mai araha, Swoop, cikin uwar kamfani. Flair ne ya rage yana fafutuka.

Yanzu mun sauko cikin hanyar ƙarƙashin ruwan, kuma a nan zan bayyana muku abin da mai sayen tikiti ba ya lura da shi. A shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta daina gudanar da manyan filayen jirgi da kanta, ta miƙa su ga hukumomi masu zaman kansu waɗanda ba don riba aka kafa su ba, amma ta riƙe mallakar ƙasar, tana karɓar haya da ke kaiwa kashi 12 cikin ɗari na kuɗin shigar manyan filayen. Tunda hukumomin ba su da masu hannun jari, kuma baitulmali ba ya gina musu zauren fasinja ko titin sauka, bashi suke ci, sannan su biya da abin da suka karɓa daga kamfanonin jirage da fasinjoji. Shi ya sa za ku ga kuɗin inganta filin jirgi a jikin tikiti, wanda a filin Pearson na Toronto ya haura dalar Kanada 30 a kan kowane mai tashi, ga kuɗin binciken tsaro, ga na kula da zirga-zirgar sararin sama da kamfanin Nav Canada ke karɓa tun 1996. Babban kamfani mai manyan kujeru masu tsada yana iya shanye wannan nauyi, amma wanda duk jarinsa araha ce ya rasa abin da zai rage, domin kafin jirginsa ya motsa an riga an ɗora wa tikitin kaya. Wannan ne ya sa shekaru da yawa mutanen Toronto kan tuƙa mota zuwa Buffalo, na Montreal zuwa Plattsburgh, na Vancouver zuwa Bellingham, su tashi daga Amurka. Ga kuma doka, wadda ta taƙaita hannun jarin baƙi a kamfanin jirgin Kanada zuwa kashi 49 cikin ɗari tun 2018, ta kuma hana jirgin wata ƙasa ɗaukar fasinja daga wani birnin Kanada zuwa wani.

To, ga mu mun fito a kan tsibirin, kuma jiragen nan masu farfela da kuke gani ta taga na kamfanin Porter ne, wanda Robert Deluce ya kafa ya fara tashi zuwa Ottawa a watan Oktoban 2006. Dabararsa ita ce ya fara mallakar zauren fasinjan wannan fili kafin ya shiga gasa, har reshen Air Canada da ke aiki a nan ya rasa wurin zama, bai dawo ba sai 2011. Duk wanda ya san tashar mota a gida ya san cewa mai layi ya fi mai sabuwar mota samun fasinja, kuma layin ne Porter ya kama, a wurin da ma'aikacin banki zai iya takowa da ƙafa daga tsakiyar gari. Sai dai filin yana da iyaka. Yarjejeniyar 1983 tsakanin gwamnatin tarayya da birnin Toronto da hukumar tashar ruwa ta hana jiragen fasinja masu injin jet sauka a nan, kuma da Porter ya nemi a sassauta a 2013, mazauna bakin ruwa suka tashi tsaye saboda ƙara, gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa a 2015. Ban ga laifin mazaunan ba, domin gidajensu na nan daf da titin jirgin. Daga baya kamfanin ya sayo jirage masu injin jet ƙirar Embraer, ya shiga Pearson a 2023, yana karawa da manyan biyun har zuwa Vancouver da Calgary.

Kada wani ya ɗauka gina sabon fili kaɗai zai warware matsalar, domin Kanada ta taɓa gwadawa ta ji jiki. An buɗe filin Mirabel a 1975, kimanin kilomita 55 daga tsakiyar Montreal, bayan an karɓe gonakin dubban mutane, aka tura jiragen ƙetare can aka bar na cikin gida a tsohon filin Dorval, wanda yanzu ake kira filin Trudeau, jirgin ƙasan da zai haɗa shi da gari kuma ba a gina ba. Mai son canjin jirgi sai ya yi doguwar tafiya a mota tsakanin filaye biyu, kamfanoni suka karkata zuwa Toronto, jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga Mirabel a watan Oktoban 2004, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Filin Pickering da aka karɓe wa ƙasa a gabashin Toronto a 1972 ma ba a taɓa gina shi ba, har gwamnati ta yi watsi da shirin a farkon 2025.

Shi ya sa na fi sa ido kan abin da Porter ya sanar a 2023, wato gina sabon zaure mai ɗaukar fasinja fiye da miliyan huɗu a shekara a tsohon filin Saint-Hubert, wanda ke kusa da tsakiyar Montreal ta gabas. Dabarar tsibirin nan ce ya sake ɗauka zuwa wani birni, ta kama ƙaramin fili na kusa da jama'a maimakon rokon gurbi a babba. Cikas ɗin shi ne yarjejeniyar haya ta keɓe wa hukumar da ke riƙe da filin Trudeau jigilar fasinjojin ƙetare a yankin Montreal, kuma irin wannan keɓewa na cikin abubuwan da rahoton 2025 ya nemi gwamnati ta soke. Muddin tana nan, mai tashi daga Saint-Hubert zai iya samun sauƙi zuwa Toronto ko Halifax, amma mai neman jirgin Kasabalanka ko Paris a kan hanyarsa ta zuwa gida dole ya koma babban filin ya biya abin da aka yanka masa.