Yaron da ya ƙi abinci, ba kullum shagwaɓa ba ce

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa na nan Manchesta, sannunmu da fitowa cikin wannan ruwan da baya gajiya. Minti biyar aka bani, to bari in fara da kaina.

Ɗana na biyu sai da ya kusa shekara biyu baya cin komai sai farin biredi da cips, cips ɗin ma na kamfani ɗaya, in aka canja tun daga ƙamshi ya gane. Miyar kuɓewa kuwa ganinta kawai zai yi ya fara yunƙurin amai. Hajiyata tana Zariya, duk bidiyo kol sai tace ke ki ɗura masa mana, ku ma da ɗure kuka girma. Kuma nayi, Allah Ya yafe min, na toshe masa hanci na ɗura kunu, yaron nan ya ƙware har idonsa ya juye, wallahi ranar jikina rawa yake har dare. Sai daga baya likita ke ce min ɗure na iya tura abinci cikin huhu, kuma yana ƙara wa yaro tsoron cokali.

Ashe abin nasa suna gare shi, ARFID, wato larurar ƙin abinci ko cin 'yan kaɗan kawai, a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu na cututtuka. Yaron ba wai so yake ya rame ba, laushin abincin ne ko warinsa ko tsoron shaƙewa ke hana shi, kuma an fi ganinsa wajen yara masu otizim, larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Tsirfa irin ta ɗan shekara biyu daban, wannan tana wucewa. Amma in kin ga nauyinsa na sauka a jan littafin nan na awon yara da asibiti ke ba mu, abubuwan da yake ci kullum raguwa suke, to ki kai shi wajen GP, wato likitan unguwa, zai iya tura ku wajen masana abincin yara.

Akwai mai cin ƙasa ko takarda ko sabulu, shi a auna masa jini, sau da yawa ƙarancin sinadarin ayon ne, wato sinadarin ƙarfe na jini.

Sai 'yan matanmu, masu ƙin abinci don tsoron ƙiba. Ta dawo tace na ci a makaranta, in ta ci kuma sai banɗaki ta amayar, ga azumin Litinin da Alhamis ba fashi muna ta sa albarka, alhali wata ɓuya take a bayansa. Don Allah gwaggonni a daina kin yi ƙiba kamar buhun gero, wasa ne a bakinki amma ita da shi take kwana.

Na san abinda ke hana mu zuwa asibiti, tsoron kar a ce za a ƙwace yaro. Ni na kai nawa, ba wanda ya taɓa min shi, gashi can baya yana cin shinkafa, fara dai ba miya, amma shinkafa ce. Bayan sallar la'asar ina wajen tebur ɗin shayi, mai tambaya ta same ni a can.