Ingrid Bergman, jarumar da aka yi wa tofin Allah tsine a majalisar Amurka

Ranar 14 ga Maris, 1950, Sanata Edwin Johnson na jihar Colorado ya miƙe a zauren Majalisar Dattawan Amurka, ya yi wa wata 'yar fim wankin babban bargo, har ya ce tana yaɗa sharri a cikin al'umma. Sunanta Ingrid Bergman.

An haife ta a Stockholm, babban birnin Sweden, a 1915. Marainiya ce tun tana ƙarama: uwa ta rasu tana 'yar tatsitsiya, uba ya bi tana 'yar shekara 13. A 1937 ta auri wani likitan haƙori, Petter Lindström, suka haifi 'yarsu Pia. Da furodusa David Selznick ya ɗauko ta zuwa Hollywood a 1939, an so a canza mata suna, a gyara mata gira da haƙora. Ta ce sam, a yadda Allah ya yi ta za ta fito. Wannan fuskar da ba kwalliya ita ta sace zukatan Amurkawa. Ta fito a fim ɗin Casablanca a 1942, ta ci kyautar Oscar da fim ɗin Gaslight, daga baya ta fito a matsayin sistar coci, sannan a matsayin waliyiya Joan of Arc. Nan fa mutane suka manta cewa wasa ne, suka ɗauke ta waliyiyar gaske.

A 1948 ta kalli finafinan wani darakta ɗan Italiya, Roberto Rossellini, ta rubuta masa wasiƙa tana neman su yi aiki tare. A ciki ta ce abin da kawai ta iya a Italiyanci shi ne "ina son ka". Shekarar da ta biyo baya ta tafi tsibirin Stromboli ɗaukar fim, tsibiri mai dutse mai aman wuta, soyayya ta shiga tsakaninsu. Tana da aure, shi ma yana da mata. A watan Fabrairun 1950 ta haifa masa ɗa namiji, alhali igiyar aurenta na farko ba ta tsinke ba.

Laifi kam ta yi, ba mai musu. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Pia, yarinya 'yar shekara goma da uwarta ta yi wa sallama a kan za ta je aiki ta dawo. Bayan wata 'yar gajeriyar haɗuwa a 1951, sai 1957 uwa da 'ya suka sake ganin juna. Shi kuwa Rossellini, da shi aka yi komai, amma bai sha ko rabin zagin da ta sha ba.

Ta yi kusan shekara bakwai ba ta fito a fim ɗin Hollywood ba. Fim ɗin Anastasia na 1956 ne ya dawo da ita, ya kawo mata Oscar ta biyu, abokinta Cary Grant ya karɓa a madadinta domin ba ta halarci bikin ba. Aurenta da Rossellini ma bai ɗore ba, duk da tagwayen da suka haifa, Isabella da Isotta.

A 1972 wani sanatan, Charles Percy, ya nemi afuwarta a rubuce cikin kundin majalisar. Cutar dajin mama ce ta yi ajalinta a Landan, ranar 29 ga Agusta, 1982, daidai ranar da ta cika shekara 67 da haihuwa.