Shekarun majiyyaci ba sa bin miƙaƙƙen layi

Assalamu alaikum. Wannan bidiyon na likitoci ne masu haɗa kundin bincike, da ɗaliban lafiyar al'umma a nan Gombe.

A ce ka tattara bayanan masu juna biyu a Asibitin Koyarwa na Tarayya, kana so ka gano su wa hawan jinin ciki mai kai ga jijjiga ya fi kamawa. Amsar ba ta wuce biyu ba, ya kama ko bai kama ba, don haka lojistik rigireshan za ka yi, wato lissafin ƙididdiga da ke auna yiwuwar faruwar abu mai amsa biyu. To, da zarar ka zuba shekaru a lissafin yadda suke, ka gaya wa kwamfuta ke nan cewa tasirin kowace shekara iri ɗaya ne, daga 16 zuwa 17 ko daga 39 zuwa 40. Ungozoma ta san ba haka abin yake ba. Haɗarin yana sama ga masu ƙananan shekaru, ya sauka a tsakiya, ya sake hawa bayan 35. Ku dubi allo, siffarsa kamar ƙwarya. In ka ɗora miƙaƙƙen layi a kai, hawa da sauka za su cinye juna, sai ka rubuta wai shekaru ba su da tasiri. Wannan kuskuren yana damuna, domin mata ne za su ji a jikinsu.

Da yawa sukan yanka shekaru gida-gida: ƙasa da 20, 20 zuwa 34, 35 zuwa sama. Ka ga an mai da 'yar 20 da 'yar 34 abu guda, an kuma raba 'yar 34 da 'yar 35. A 2006 masana ƙididdiga Royston da Altman da Sauerbrei sun yi gargaɗi kan raba irin wannan ma'auni gida biyu, don bayanai ake zubarwa.

Abin da na fi so shi ne sifilayin mai ɗaurarren gefe (restricted cubic spline), wato layi mai lanƙwasa da ke bin siffar bayanai, wanda Frank Harrell na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya yayata. Ana sa ƙulli, wato mahaɗar layin, uku zuwa biyar a kan shekarun, layin ya lanƙwasa tsakaninsu ba karyewa, ya miƙe a gefe biyu inda mutane ba su da yawa. Ƙulli huɗu ana sa su ne a kashi 5, 35, 65 da 95 cikin ɗari na jerin shekarun. A manhajar R akwai umarnin rcs cikin kunshin rms, a manhajar Stata akwai umarnin mkspline.

Kada ka tsaya fassara lambobin da suka fito ɗaya bayan ɗaya. Zana hoton, ka ɗauki shekara 25 ta zama ma'auni, ka nuna iyakar tabbaci (confidence interval), wato tazarar da ake kyautata zaton gaskiyar tana ciki, a gefen layin.

Sai dai a kula, a wajenmu mata da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun sukan taru a 20, 25, 30. Duba wannan tukuna, kuma kada ƙulli ya wuce uku in waɗanda cutar ta kama kaɗan ne.