Kuɗi da Katin Banki a Hannun Matafiyi da Mai Aiki a Ƙasar Waje

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai tafiyar da kuɗinsa da katunan bankinsa idan ya fita ƙasar waje, ko tafiyar ta 'yan makonni ce ko zaman aiki ne. Duk lokacin da aka tayar da wannan batu, ɓarawo ake fara tunawa. Ɓarawo yana nan, amma a ganina asarar da ta fi yawa a wajen canji take faruwa, da hannun mai kuɗin, kuma da yardarsa. Saboda haka a can zan fi daɗewa.

Idan ka sa katinka a na'ura a wata ƙasa, ba bankinka kaɗai ne a cikin cinikin ba. Akwai bankin mai kantin, akwai kuma kamfanin da ya haɗa bankunan biyu, wato irin su Visa da Mastercard, wanda shi ne yake juya kuɗin ƙasar zuwa kuɗin asusunka. Farashin canjin waɗannan kamfanoni yakan yi kusa da na kasuwa, kuma suna wallafa shi a shafukansu na intanet. A kan wannan ne bankinka yake ɗora la'adarsa, wadda a bankuna da yawa takan kai kashi 3 cikin 100, wasu kuwa ba sa ɗora komai. Idan tsabar kuɗi ka cira, mai na'urar ma yana iya karɓar nasa, kuma shi sau da yawa adadi ne tsayayye, ko kaɗan ka cira ko da yawa. Ke nan wanda yake cirar ɗan kaɗan kullum ya fi wanda ya ciri na mako guda a lokaci ɗaya biyan kuɗi. Tun kafin tafiya ya kamata mutum ya nemi bankinsa ya ba shi waɗannan alƙaluma a rubuce, tare da iyakar abin da katin zai iya kashewa a waje cikin wata.

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi. Wani lokaci na'urar takan gane cewa katinka baƙo ne, sai ta tambaye ka: za ka biya da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko da kuɗin ƙasarku? Ta nuna maka adadi a kuɗin da ka saba da shi, hankalinka ya kwanta, ka danna. Abin da ka yi a nan shi ne ka karɓe aikin canjin daga hannun kamfanin katin, ka miƙa shi ga mai na'urar da abokan hulɗarsa, su kuwa farashinsu kusan kullum ya fi tsada, domin ribarsu a cikinsa take. Bankinka ma yana iya cire la'adarsa bayan haka, tunda dai cinikin a waje aka yi shi. Idan kana Faransa ka zaɓi yuro, idan kana Ingila ka zaɓi fam, idan kana Turkiyya ka zaɓi lira. Ko da mai kantin ne ya riƙe na'urar, ka ce masa da kuɗin ƙasar za ka biya, ka kuma duba rasit. Haka lamarin yake a shafukan sayen tikitin jirgi da kama ɗakin otel.

Shagunan canji na filin jirgi ba sai na daɗe a kansu ba. Idan ka ga an rubuta cewa babu la'ada, dubi tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa a allon, domin a nan ribar ta ɓuya. Ka canza abin da zai kai ka masauki kawai.

Sai maganar katin kansa. Kada mutum ya fita da kati ɗaya tak. Ya riƙe biyu daga bankuna daban, zai fi kyau ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kuma kada su kwana a jaka ɗaya. Na'ura tana iya haɗiye kati, banki yana iya toshe shi saboda ya ga ciniki daga ƙasar da bai saba gani ba, siyasa ma tana iya shiga: a watan Maris na 2022 kamfanonin biyu suka dakatar da aikinsu a Rasha, katunan baƙi suka daina aiki a can. Ƙasashe kuma sun bambanta. A Suwidin akwai shagunan da ba sa karɓar tsabar kuɗi, a ƙasar Sin yawancin ciniki ta manhajojin Alipay da WeChat Pay ake yin sa, a Jamus kuwa har yanzu akan tarar da ƙananan wuraren da tsaba suka fi so. Otel da kamfanin hayar mota sukan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina, kuma sakinsa yana iya ɗaukar kwanaki bayan ka tafi, don haka kada ka ba su katin da kuɗin cefanenka yake ciki. Mai katin bashi kuma, wato katin da banki yake ranta wa mutum kuɗi ta cikinsa, ya sani cewa idan ya ciri tsaba da shi, kuɗin ruwa yakan fara hawa tun daga ranar, ba a jiran ƙarshen wata.

Akwai abin da mutane suke mantawa har sai sun shiga matsala, wato layin wayarsu. Bankuna da yawa ta saƙon tes suke aiko lambar tabbatar da ciniki, zuwa lambar da ka ba su a gida. Mutum ya sauka, ya cire tsohon layi ya sa na ƙasar, washegari ya zo biyan haya, lambar ta tafi layin da ke cikin akwati ko wanda ya riga ya mutu. Kuɗinsa yana nan lafiya lau, amma ba shi da hanyar taɓa shi. Kafin tafiya a tabbatar layin zai karɓi saƙo a waje, ko a mayar da tabbatarwar kan manhajar bankin, a kuma rubuta lambar kiran gaggawa ta bankin a takarda, domin waya da kati sukan ɓace tare. Wajen cirar kuɗi kuwa, na'urar da ke cikin harabar banki ta fi ta bakin titi aminci, kuma a rufe hannu lokacin danna lambar sirri.

Tsabar kuɗi tana da tata doka. Mai shiga Tarayyar Turai ko fita daga cikinta da yuro 10,000 ko fiye dole ne ya bayyana wa jami'an kwastan, a Amurka kuma abin da ya haura dala 10,000. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne yake jawo a ƙwace.

Wanda ya je zaman aiki, lissafinsa ya fi na mai ziyara nauyi, domin asarar tana maimaituwa kowane wata. Abu na farko shi ne ya buɗe asusu a ƙasar da zarar takardun zamansa sun fito, albashi ya shiga da kuɗin ƙasar, haya da sauran hidima su fita da shi, ta yadda ba za a canza kuɗin ba sai rabon da zai aika gida. Wajen aikawar, alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa matsakaicin abin da ake cirewa ya ɗan haura kashi 6 cikin 100, alhali burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 2015 shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Mai aika dala 500 duk wata, idan ana cire masa kashi 6, dala 360 ke nan a shekara. Hanyar kwatantawa ɗaya ce: kada ka dubi kuɗin aikawa da aka rubuta, ka tambayi nawa ne zai isa hannun mai karɓa. Aikawa daga banki zuwa banki ta tsarin SWIFT, wato hanyar da bankunan duniya suke aika wa juna umarnin biyan kuɗi, tana dacewa da kuɗi mai yawa, sai dai kuɗin yana iya ratsawa ta wasu bankunan a tsakiya, kowanne ya yanki nasa.

Ina kuma gargaɗi a kan ba da aron asusu. Wani zai ce a turo kuɗi ta wajenka ka miƙa masa, ya ba ka wani abu. Idan kuɗin na zamba ne, sunanka ne a rubuce, asusunka za a rufe, kuma izinin zamanka yana iya shiga haɗari.

Game da haraji, ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya kwana 183 a cikinsu a shekara a matsayin mazaunin da haraji ya hau kansa, ko da daga wata ƙasa ake biyan sa ta intanet. A ajiye takardun albashi da rasit na duk abin da aka aika. Idan lokacin komawa ya yi, kada a yi gaggawar rufe asusun, domin albashin ƙarshe, da kuɗin jinginar gidan haya, da rarar harajin da hukuma za ta mayar, duk sukan shigo ne bayan mutum ya bar ƙasar, kuma ta wannan asusun za a biya su.