"Ban gani ba" daban, "babu" daban: yadda kwamfuta ke yanke hukunci da guntun bayani

Jama'a barkanmu da warhaka. Ka buɗe jadawalin jiragen sama na yau, ka duba sama da ƙasa ba ka ga jirgin garin da za ka ba, me za ka ce? Babu jirgi ko? Ba wanda zai tsaya yana cewa ƙila akwai mantawa aka yi ba a rubuta ba. To wannan ɗan tunanin da muke yi ba ma ko lura, shi wani masani Raymond Reiter ya zauna ya tsara wa kwamfuta a 1978, ya kira shi zaton rufaffiyar duniya, wato duk abin da ba ya cikin rumbun bayanai a ɗauka ba gaskiya ba ne kawai.

Dama tun 1972 akwai wani yaren kwamfuta mai suna Prolog, Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro shi a Marseille ta Faransa. Shi ba ka ce masa yi kaza sannan ka yi kaza ba, a'a, bayanai za ka zuba masa da ƙa'idoji sai ka yi tambaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ciro amsa da kansa. Datalog ƙanensa ne, shi a ɓangaren rumbun bayanai ya fi aiki. To in Prolog ya nema ya nema ya kasa tabbatar da abu sai ya ce a'a, shi ke nan. Keith Clark ne ya yi wa wannan ɗabi'a bayanin lissafi, shi ma a 1978.

Kuma abin yana da amfani fa. Na ce maka ga tsuntsu, za ka ce yana tashi. Sai na ƙara da cewa ai jimina ce, nan take ka janye maganarka, ba rigima. A tsohon ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ba a haka, abin da ka tabbatar ya zauna, ƙarin bayani ba ya rushe shi. Shi ya sa a 1980 Reiter ɗin dai da John McCarthy kowa ya fito da nasa tsarin da zai bar na'ura ta yi zato, in sabon labari ya zo ta canza.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Akwai misalin da ake dangantawa da McCarthy, ni kam duk cikinsu shi ya fi burge ni. Motar 'yan makaranta ce ta iso titin jirgin ƙasa, an rubuta mata ƙa'ida: tsallaka in ba a ga jirgi ba. Da jin ta lafiya lau. Yanzu ka sa hazo ya rufe ko'ina, direba ko hannunsa ba ya gani sosai, an ga jirgi? Ba a gani ba. To ƙa'ida ta cika, mota za ta shiga da yaran mutane, inna lillahi. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, tsallaka in an tabbatar babu jirgi. Michael Gelfond da Vladimir Lifschitz su suka raba "a'a" ɗin nan gida biyu a cikin yarukan kwamfuta irin su Prolog, ɗaya na "ban samu hujja ba", ɗaya na "na tabbata babu", wajajen 1990 zuwa 1991.

Akwai kuma wata 'yar rigimar. Babban wa ne ya ce zai je biki in ƙanensa bai je ba, ƙanen ma ya ce zai je in wan bai je ba. Ka ba Prolog wannan, haka zai yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, ba amsa. Gelfond da Lifschitz tun 1988 suka ce amsa biyu ce kuma kowacce ta zauna daram: ko wan ya je shi kaɗai, ko ƙanen. Daga nan aka samu manhajoji irin su clingo na jami'ar Potsdam a Jamus, da ke zaƙulo maka duk amsoshin da za su yiwu. Su kuwa Van Gelder da Ross da Schlipf a 1991 cewa suka yi a ƙara amsa ta uku bayan e da a'a, wato "ba a sani ba".

Masu aiki da SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, kun san wannan ta ukun, ita ce NULL, wato alamar gurbin da ba a cike ba. Gwada ka ce ya kawo maka waɗanda shekarunsu suka wuce 30, sannan ka ce ya kawo waɗanda ba su wuce ba, ka haɗa biyun ka ƙirga. Duk wanda aka bar gurbin shekarunsa ba a cike ba, ba za ka gan shi ko a ɗaya ba.