Ɗinkin waje da ɗinkin ciki: hira kan aikin ƙaba

Bashir: Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Kaduna garin gwamna. Anti Rabi, ke kika zo da maganar yau.

Anti Rabi: Bari kawai, Bashir. Maƙwabcina dako yake yi a Kasuwar Barci. Aka yi masa aikin ƙabar matsematsi, kwana goma aka cire zare. Ya duba ya ga fata ta haɗe, washegari sai ga shi da buhun masara a ka. Ko mako ba a yi ba wurin ya tashi kamar ƙwan kaza.

Likita: To ai nan mutane ke ruɗuwa, Anti. Ɗinki biyu ne. Na fata shi ido ke gani: ko dai zare mai narkewa da ake binnewa ƙarƙashin fata, ba ruwansa da cirewa, ko nailan da ake cirewa bayan kwana 7 zuwa 10. Wasu asibitocin ma gam na musamman suke sawa. Amma ainihin aikin yana can ciki. Tun shekarun 1880 Bassini, wani likita a Italiya, ya fito da dabarar jawo nama a ɗinke ramin da kayan ciki ke turowa ta cikinsa. A shekarun 1980 Lichtenstein a Amurka ya ce a shimfiɗa raga, kada a ja naman da ƙarfi.

Bashir: Raga? Irin ta masunta?

Likita: Allah Ya shirye ka! Ta roba ce ta musamman, nama ke tsirowa ta ƙofofinta ya riƙe ta. Wannan kuwa sai makonni. Shi ya sa muke cewa a haƙura da kaya mai nauyi mako 4 zuwa 6.

Anti Rabi: Mai dako zai ce maka wa zai ciyar da gida.

Likita: Gaskiyarsa, ba na musu. Amma in ƙabar ta dawo, aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Sai tarin hunturu da taurin bayan gida, su ma suna takura ɗinkin. Mai ciwon suga da mai shan taba, rauninsu na jinkirin warkewa.

Bashir: To yaushe kumburi ke zama abin tsoro?

Likita: Sau da yawa ruwa ne ya taru, jiki zai shanye abinsa. Kada a matsa, kada a barbaɗa toka ko garin magani. Amma in wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, mugunya na fita, ga zazzaɓi, a koma asibiti ranar. Anti, shi naki ya aka ƙare?

Anti Rabi: Ruwan ne, ya sace da kansa. Yanzu ɗansa ke ɗaukar buhun, shi yana zaune yana ƙirga kuɗi.